Kukan Aksul na Baya: A Saurara Kafin a Kwance

Duk ƙarshen damina, motocin da suka fi cika mana gareji su ne Hilux da Land Cruiser masu shiga daji: na ma'aikatan rigakafi, na 'yan kasuwar hatsi, na masu manyan gonaki. Koken direbobin kusan ɗaya ne: "Oga, bayan motar nan yana kuka." Kafin ka buɗe baki, wani har ya yi cinikin aksul na gwanjo. To, a dakata. Sau tari abin da ya lalace bai kai rabin wancan kuɗin ba, wani lokacin ma aksul ɗin lafiyarsa ƙalau.

A cikin ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul akwai ƙaramar giya, finiyon, wadda furofela ke juyawa, ita kuma ta juya babbar, kuraun. Sai wasu ƙananan giyoyi da ke ba tayar waje damar gudu fiye da ta ciki idan an sha kwana. Boris huɗu ke riƙe da su, biyu a finiyon, biyu a gefe. Kowane ɗayansu da irin kukansa, shi ya sa ba na ɗaukar sifana sai na hau motar mun fita kan kwalta, rediyo a kashe.

Abin da nake saurara shi ne lokacin da kukan ke zuwa. Idan yana tashi yayin da aka taka totur, ya lafa da an ɗaga ƙafa, haƙoran kuraun da finiyon nake zargi, ko dai sun cinye ko kuma saitinsu ya goce. Idan kuwa sai an saki totur mota na gangarawa yake fitowa, galibi boris ɗin finiyon ne ya saki. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu ko an taka ko ba a taka ba, na boris ne. In ya sauya da na karkata sitiyari dama da hagu, sai na fara duba na taya, wanda gyaransa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. "Ƙwas" guda ɗaya yayin sa giya ko sakin kuloci, kuros ɗin furofela ake fara dubawa. Bugu mai maimaituwa daidai da juyawar taya kuwa alamar haƙori ya karye, wannan motar ajiye ta ya kamata a yi nan take. Kada kuma a manta da taya: mai manyan zane ta shiga laka tana da nata ruri a kwalta, ta sha sa mutane kashe kuɗi a banza.

Bayan kunne sai mai. A fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, don kada ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi buɗuwa. Notin ƙasa yana da maganaɗisu. Ɗan baƙin gari mai laushi a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji yana nufin ɓarna ta riga ta auku. Idan man ya fito ruwan toka-toka kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, kuma a nan yawancin motocin damina ke mutuwa. Aksul ya yi zafi da tafiya, sai direba ya tsunduma shi cikin rafi. Iskar ciki ta huce ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta 'yar kafar numfashi da ke saman aksul ko ta oyil sil. Man da ya gauraya da ruwa ba ya kare ƙarfe, tsatsa kuma ta cinye boris a hankali. Maganin mai arha ne: a jona wa kafar doguwar tiyo a ɗaga bakinta sama, sannan a duba mai duk lokacin da ruwa ya haura tsakiyar taya. Man da za a zuba ya zama mai lambar GL-5, kaurinsa yadda littafin motar ya nuna. Wasu aksul ɗin masu faifan kuloci a ciki suna da nasu man na daban. In aka zuba musu gama-gari, sai su riƙa karkarwa a kwana. Masu zuba mai mai kauri don kukan ya lafa har a sayar da mota kuwa, Allah Ya shirye su.

Akwai ɓarnar da mu makanikai ke jawowa. Mota ta zo da yoyo a bakin finiyon, a canja oyil sil, sannan yaron gareji ya hau kan notin finiyon da dogon bututu har sai ya gaji. Wannan notin shi ke daidaita matsin boris, kuma a bayansa akwai wani zoben ƙarfe da ke lotsewa sau ɗaya tak. In aka zarce, boris ya yi zafi ya ƙone. In aka gaza, finiyon ya riƙa rawa. Mai mota, idan kuka ya fara jim kaɗan bayan an taɓa wurin nan, ka koma ka faɗa. Haka saitin haƙora: a aksul mai inci 8 na tsofaffin Hilux, tazarar wasan da ke tsakanin kuraun da finiyon milimita 0.13 zuwa 0.18 ce. Hannu ba ya auna wannan, sai da agogon awo, sannan a shafa fenti a haƙoran a juya a ga inda suke haɗuwa. Kuraun da finiyon tare ake canja su, ba a haɗa sabo da tsoho.

In ta kama dole a sayi aksul na gwanjo, a ƙirga haƙoran kuraun da na finiyon. Akwai mai 41 da 10, akwai mai 43 da 10, akwai mai 41 da 9, kuma a waje duk kamarsu ɗaya. Mota mai jan ƙafa huɗu sai lissafin gaba da na baya sun zo daidai. In suka saɓa, ranar da aka sa giyar daji gaba da baya za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye. In kuwa sababbin giyoyi aka saka, a yi wa motar sassauci da lodi na kilomita 800 na farko, sannan a zubar da man a zuba sabo.