Yadda Direba Zai Gane Ciwon Inji Daga Kukansa

Tun daga ran 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka yanki Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola aka mai da Jalingo babban birninta, zirga-zirgar motoci ta yi ta ƙaruwa a garin da kewayensa. Mutumin Yelwa da zai kai masara ko gyaɗa kasuwa, ko zai kai majinyaci asibiti da dare, da mota ya dogara. Yawancin motocin nan kuwa tsofaffi ne, irin waɗanda a ke kira 'yan Kwatano, sun riga sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso. Hanyoyin da su ke bi kuma masu tsawo ne. Wanda ya kama hanyar Wukari ta Mutum Biyu, ko ta Numan zuwa Yola, ko ya nufi Gembu ta Garba Chede da Bali da Serti, zai wuce wurare da dama inda in mota ta tsaya babu bakanike kusa, babu kuma inda za a sayi ko da ƙusa ɗaya.

Abin da ya kamata kowane direba ya sani shi ne, da wuya inji ya mutu farat ɗaya. Galibi ya kan yi kwana da kwanaki yana kuka kafin ya buga. Amma kukan iri iri ne. Akwai wanda za a iya tafiya da shi har mako guda, akwai kuma wanda in an ƙara mil ɗaya a kansa an yi hasarar injin ɗungum. Aikin direba ne ya rarrabe su, ko da bai iya riƙe sifana ba.

Inji ne, ko ƙafa?

Farkon abin yi shi ne a tabbata daga inji ƙarar ta ke fitowa. Direba ya sami wuri shimfiɗaɗɗe ya tsaya, ya ja hambirki, ya sa giya a firi, ya kashe rediyo, sa'an nan ya taka totur a hankali ya saki. In ƙarar tana hawa da sauka tare da totur alhali mota na tsaye, to, ta inji ce. In kuwa ba a jin ta sai mota na tafiya, tana ƙaruwa da gudu, wannan ta ƙafa ce ko ta giya. Gurnanin da ke tashi da gudu yawanci boris ɗin ƙafa ne. Ƙas-ƙas da a ke ji sa'ad da aka karya sitiyari a kwana, shaf ne. Ƙarar da ke zuwa ko ta ɗauke in an taka kuloci, tana wajen kuloci. Duk waɗannan suna bukatar gyara, amma maganarsu dabam.

In an tabbata ta inji ce, sai a lura da lokacinta. Da sanyin safiya ta ke zuwa ta ɓace in inji ya ɗumama, ko kuwa sai ya yi zafi ta ke tsananta? A sulo a ke jin ta, ko sai an ɗauki kaya an kama hawa? Bakaniken kirki zai yi waɗannan tambayoyi tun bai buɗe bonet ba, kuma direban da ya zo da amsarsu ya rage wa kansa rabin kuɗin bincike.

Wajen gano inda ta ke, makanikai na da tsohuwar dabara. A kan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, a kara mariƙinsa a kunne, a riƙa matsawa daga wuri zuwa wuri har a kai inda ƙarar ta fi ƙarfi. Dabara ce mai kyau, amma fa kada mai babbar riga ko rawani ko dogon hannun riga ya sunkuya kan inji yana aiki. Bel na fizgar tufa cikin ƙiftawar ido, fankar lantarki ta motocin zamani kuma ta kan tashi da kanta ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Bugun da ba a tafiya da shi

Mafi hatsari a cikin kukan inji shi ne bugu mai nauyi daga can ƙasa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana dukan turmin ƙarfe da guduma a cikin ɗaki. Domin a fahimci dalilinsa, sai an san abin da ke gudana a ciki. Fistin na hawa da sauka a cikin silinda, kwanrod na haɗa shi da karanshaf, karanshaf kuma na juyawa a kan wasu siraran faranti da makanikai ke kira metal. Tsakanin metal da karanshaf akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba, baƙin mai ne ke cike ta, famfon mai na tura shi da ƙarfi. Muddin man na nan, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. In inji na juyi 3,000 a minti ɗaya, watau karanshaf na juyawa sau 50 ke nan a daƙiƙa guda. Da zarar mai ya yanke, ko ya tsinke don tsufa, ko ƙura ta gauraya da shi, sai metal ya soma cinyewa, tazarar ta buɗe, kwanrod ya riƙa dukan karanshaf a kowane juyi. Wannan duka shi ne abin da kunne ke ji.

Alamarsa ita ce yana bin totur sau da ƙafa, kuma yana ƙara fitowa fili in inji ya yi zafi, domin zafi na tsinka mai. Sau da yawa jar fitilar mai da ke gaban direba ta kan riƙa ƙyafta ido a sulo. Direbobi da yawa sun ɗauka fitilar nan na nufin mai ya ragu, a ƙara in an isa gari. Ba haka ba ne. Ma'anarta ƙarfin turin mai ya faɗi, watau a wannan lokacin metal na aiki a bushe ko kusa da haka. Duk wanda ya ga ta kama alhali inji na aiki, lalle ne ya ratse gefen hanya ya kashe mota nan take, ya jira mintoci kaɗan, ya zaro geji ya duba. In mai ya yi ƙasa, ya ƙara ya tayar. In fitilar ta mutu kuma babu bugu, ya lallaɓa zuwa gareji mafi kusa. In kuwa geji ya nuna mai cike amma fitilar ba ta mutu ba, ko bugun na nan, motar ta gama tafiya da ƙafarta a wannan rana. Sai a nemi wanda zai ja ta.

A nan ne a kan yi kuskuren da ya fi kowanne tsada. A ce direba ya ɗauko fasinja da kaya, bugu ya soma masa bayan ya wuce Sunkani. Zuciya za ta ce masa ya daure ya kai Bali tukuna, kada fasinja su nemi kuɗinsu. Da ya tsaya a nan, mai yiwuwa canjin metal kaɗai zai yi. In ya ƙara tafiya, karanshaf zai ƙuje, sai an sauke inji an kai an goge shi an sa metal mai kauri. In ya nace, kwanrod zai tsinke ya fasa bulok ya leƙo waje, daga nan babu sauran gyara sai sayen wani inji. Tsakanin mataki na farko da na uku wani lokaci bai fi tafiyar rabin sa'a ba. Fasinjan da ya ji tsoron ɓata wa rai kuwa, ga su a daji da dare.

Akwai wata mummunar al'ada da ya wajaba mai sayen tsohuwar mota ya sani. Wasu kan zuba mai mai kauri ƙwarai, har da man giya, domin su danne bugun metal kafin ciniki. Kaurin man na rufe ƙarar na ɗan lokaci, ba ya mai da ƙarfen da ya cinye. Saboda haka mai saye ya nemi a tayar masa da motar tana sanyi, sa'an nan ya zagaya da ita har ta yi zafi sosai, ya sake saurare. Ya kuma shafa man geji a yatsa ya duba a rana. In ya ga ƙyalli kamar garin tagulla, metal ne ke narkewa a ciki. Araha ba ta ado.

Bugun metal na da ɗan'uwa mai kama da shi wanda bai kai shi hatsari ba, shi ne na fistin da ya yi sako-sako a cikin silinda. Bambancinsu a lokaci ya ke: na fistin da sanyi ya ke zuwa, ya lafa in ƙarfe ya ɗumama ya buɗe. Mota kan daɗe tana aiki da shi. Injin gas kuma, irin na manyan motoci da tarakta, da ma can da ƙwanƙwasa ya ke aiki, musamman da safe, wannan halittarsa ce.

Da damina akwai wata hanya dabam da bugu ke samuwa. In Lamurde ko Mayo Gwoi suka cika, ruwa ya kwanta a hanya, direba ya kutsa har inji ya shaƙi ruwa ta wajen shan iska, to, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai kwanrod ya lanƙwashe. Motar da ta mutu a cikin ruwa kada a yi mata ki. A tura ta waje, a kwance filogi, a fitar da ruwan tukuna.

Tsakuwa a gwangwani

Wata ƙara kuma siririya ce, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Ba a jin ta a sulo, sai an taka totur da kaya a kan hawa, musamman in giya ta yi wa motar girma. Direbobin da ke hawan dutsen Mambila daga Mayo Selbe sun san ta. Abin da ke faruwa shi ne, maimakon fetur ya ci wuta a tsanake daga bakin filogi, sai wani sashensa ya fashe da kansa don tsananin zafi da matsi. In abin ya yi yawa ya kan karya ringi, ya ƙona gasket, har ya huda kan fistin.

Magani na nan take shi ne a sassauta ƙafa a koma ƙaramar giya. Bayan haka a nemi dalili: ko tayimin ya yi gaba, ko inji na zafi fiye da kima, ko gawayi ya taru a kan fistin, ko kuwa fetur ne ba shi da kyau. Fetur da aka gauraya da kananzir ya fi kome saurin kawo wannan ƙara, don haka wanda ya ji ta bayan ya sha mai a galan a bakin hanya, ya san inda zai fara tuhuma. Gurɓataccen mai ba a bakin hanya kaɗai ya ke ba. A watan Fabrairu 2022 hukuma ta tabbatar an shigo ƙasar nan da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, har aka janye shi daga gidajen mai. A da can dalma a ke sa wa fetur domin hana wannan fashewa, amma da aka gane gubarta ga jikin mutum, musamman ƙwaƙwalwar yara, ƙasashe suka yi ta barin ta, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwa a 2021 cewa an daina sayar wa motoci irin wannan fetur a duk duniya. Motocin zamani na da wata 'yar na'ura a jikin bulok mai jin wannan ƙara, ta sa kwamfutar mota ta ja tayimin baya. A irinsu direba ba lalle ya ji kome ba, sai dai ya ga mota ta yi nauyi tana shan mai.

Ƙananan koke-koke

Cak-cak-cak mai sauƙi daga saman inji, kamar keken ɗinki, yawanci tafet ne. Saurinsa rabin na bugun ƙasa ne, domin sandar da ke buɗe bawul sau ɗaya ta ke juyawa a duk juyi biyu na karanshaf. A duba mai, in ya cika a kai a saita. Ba na gaggawa ba ne.

Ƙara mai tsini kamar kukan ɓera, da safe ko sa'ad da aka kunna na'urar sanyi, fambel ne ya saki ko ya tsufa. Kuɗinsa kaɗan ne, amma a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa da abin cajin batir, in ya tsinke inji zai tafasa cikin mintoci. Mai doguwar tafiya ya ajiye guda a but. In kuma an ji huci kamar na maciji ga tururi na fita, a kashe mota, kada a taɓa murfin lagireto sai ya huce sarai.

Fat-fat daga wajen da salansa ta haɗu da inji, wadda ke raguwa in ƙarfe ya yi zafi, yoyon hayaƙi ne. Inji zai iya jurewa, mutane ne ba za su iya ba. Hayaƙin na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, in ta shiga mota gilashi na rufe sai ciwon kai da gyangyaɗi su kama direba da fasinja.

Duk wanda lalura ta tsayar a hanya ya kafa alamar gargaɗi mai kusurwa uku da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke bukata a kowace mota. In ya ƙara da ganye ko duwatsu, ya kwashe su kafin ya tashi.

Akwai abu guda a cikin inji da ba ya kuka. Motar da tayimin ɗinta na sarƙa ne ta kan yi caccaka da safe in sarƙar ta saki, amma wadda ke da tayimin bel na roba, shiru ya ke aiki har ran da zai tsinke, kuma a injuna da yawa tsinkewarsa na sa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su. Kunne ba shi da amfani a nan, sai lissafi. Yawancin kamfanoni sun ce a canza shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, gwargwadon irin motar. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san ran da aka sa na jikinta ba, ya canza shi tun farko, ya sa bakanike ya rubuta kwanan wata da lambar kilomita da fenti a jikin murfinsa.