Lokacin Dashen Ciyawar Ado a Gidajen Abuja

Maigidan da ya share harabar gidansa a Abuja domin dasa ciyawar ado zai rage kashe kuɗi idan ya jira damina ta kankama, wato watan Mayu ko Yuni. Ruwan Afrilu yakan ɗauke, shi kuwa mamakon Agusta yakan kwashe dashen da bai kama ba. Wanda ya dasa da hunturu, sai ya shafe watanni yana biyan 'yan garuwa.

Kirikiri ta fi jure rana da tattakawa, amma ba ta yi a inuwa. Ƙarƙashin bishiya sai ciyawar kafet, wadda ke son danshi. Kafin dashe, wajibi ne a kwashe ɓaraguzan gini, a zuba baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen kashin shanu yana janyo gara.