Yadda Ake Baƙunta a Gidan Balarabe

Cikin masu cika sahu a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki a Kaduna ba a rasa maniyyata da masu shirin Umara. A wajen bita ana koya musu ɗawafi da jifa, amma ba a cika faɗa musu abin yi ba idan wani mutumin Makka ko Madina ya gayyace su gida. Ga yadda ake.

Fara da tsaraba. Kwalin alewa ko turare ya wadatar. Goro kam ka bar shi a Kaduna: Saudiyya ta hana shiga da shi, hukumar alhazai ta ƙasa kuma tana yawan gargaɗi a kai. Ka kuma ɗan taɓa wani abu da yamma, don sau da yawa sai bayan Isha ake kawo abinci.

Da ka isa, cire takalmi a ƙofar majalisa, wato ɗakin baƙi. Yi sallama, ka fara gaida dattijo. Tambayi lafiyar iyali a dunƙule, kada ka ware matar gida. Idan da maiɗakinka ka je, za a shige da ita wajen mata. In ka zauna a ƙasa, naɗe ƙafa, kada tafinta ya fuskanci kowa.

Sai gahawa, inda 'yan uwanmu suka fi tuntuɓe. Ba baƙa ba ce kamar kofin da muka sani. Ruwanta fatsi-fatsi ne, da ɗan ɗaci da ƙamshin kayan yaji, ba sukari, shi ya sa ake haɗa ta da dabino. Mai zubawa zai riƙe butar da hagu, ya miƙo maka ɗan ƙaramin kofi da dama. Karɓa da dama. Za ka ga ko rabi bai kai ba. Ba rowa ba ce, girmamawa ce. Cika kofi ne ake ɗauka kamar ana cewa sha ka tafi. Kada ka ƙi na farko. Biyu ko uku sun isa. Idan ka ƙoshi, girgiza kofin kaɗan yayin miƙawa, in ba haka ba zai yi ta ƙara maka. Al'adar ba ƙarama ba ce a wurinsu: UNESCO ta sa gahawa da majalisa cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2015.

Abinci yawanci shinkafa ce da naman rago ko kaza, kabsa ko mandi, a babban faranti guda a kan shimfiɗa. Wanda ya saba cin tuwo a kwano ɗaya ba sai an koya masa ba: wanke hannu, yi bismilla, ci gabanka da dama. Dunƙule shinkafar a tafin hannu kafin ka kai baki. Mai gida zai riƙa yago nama yana turo maka; karɓa, kada kunya irin tamu ta sa ka ƙi, don zai zaci girkin ne bai yi maka ba. In ka gama, ce alhamdu lillahi, ka yi masa addu'ar buɗi.

Bayan shayi za a zagayo da kaskon turaren wuta. Jawo hayaƙin da hannu zuwa rigarka, sannan ka fara haramar tafiya, domin a al'adarsu turaren nan shi ne rufe zama. Hoto kuwa, kada ka ɗauka sai ka nemi izini, musamman inda akwai mata.