Ɗana, Ka Koyi Jin Muryarsa Da Kanka

Ɗana, labari ya iso ni cewa maganar aurenka ta tsaya cik. Iyayen yarinyar sun yarda, naka ma sun yarda, sai wani bawan Allah da ka kira a waya ya ce an nuna masa ba ita ba ce. An ce kafin shi ka tambayi wani, shi kuwa ya ce ita ce. Yanzu kana neman na uku da zai raba gardama. Matso kusa mu yi magana, don abin nan ya zama ruwan dare a ikkilisiyoyinmu, daga Makarfi har Ikara da Hunkuyi. Mai neman aiki, da mai ciwo, da matar da haihuwa ta yi wa jinkiri, kowa na riƙe da lambar wani wanda zai tambayo masa Allah.

Ban hana ka neman shawara ba, kada ka ji ni a karkace. Abin da yake damuna shi ne ka je wurin mutum biyu, kana shirin zuwa wurin na uku, amma ban ji an ce ka rufe ƙofar ɗakinka ka durƙusa ka tambayi Ubangiji da bakinka ba. Kai ɗan Makarfi ne, a cikin rake ka tashi. Ka san wanda ya miƙa wa wani karansa ya sha masa, tuƙa kawai zai tarar.

Ka buɗe littafin Sama'ila na fari, sura ta 3, ka karanta a hankali. Yaro Sama'ila yana kwance da dare a Shilo, ya ji an kira sunansa, ya ruga wurin Eli. Sau uku yana yin haka, don bai riga ya san muryar Ubangiji ba, muryar maigidansa kaɗai ya sani. To, dubi abin da tsohon ya yi. Eli firist ne, ya daɗe a aikin, da ya so sai ya zaunar da yaron kusa da shi ya ce shi zai saurara masa. Bai yi haka ba. Ya mai da shi shimfiɗarsa, ya koya masa yadda zai amsa, ya bar shi shi kaɗai da Mai kiransa. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: saƙon da ya zo a daren nan hukunci ne a kan gidan Eli kansa. Da ta bakin Eli aka ce sai ya bi, anya zai iso yadda yake? Duk faston da ya san aikinsa, irin na Eli yake yi. Wanda kuwa kullum yake so ka dawo wurinsa kafin ka ɗaga ƙafa, ka yi hattara da shi ko da mu'ujiza yake yi.

Akwai wani labarin da ba a cika yin wa'azi a kansa ba, a Sarakuna na fari, sura ta 13. An aiki wani mutumin Allah daga Yahuza zuwa Betel a zamanin sarki Yerobowam, aka umarce shi kada ya ci, kada ya sha a can, kada kuma ya koma ta hanyar da ya zo. Sarki ya gayyace shi gida da alkawarin kyauta, ya ƙi. Sai wani tsohon annabi ya bi shi a kan jaki, ya iske shi yana hutawa a gindin itace, ya ce shi ma annabi ne, mala'ika ya faɗa masa ya komo da shi gida ya ci abinci. Ƙarya ya yi masa. Mutumin ya bi shi, ya ci, ya sha, a hanyar komawa zaki ya kashe shi. Abin da yake sa jikina sanyi a labarin nan shi ne, mutumin da ya iya tsayawa gaban sarki, ɗan'uwansa mai riga irin tasa ne ya kā da shi. Ya ji da kunnensa, sai ya ajiye abin da ya ji ya ɗauki abin da wani ya ce ya ji.

Mu Masihiyawan wannan yanki, ai bai kamata a koya mana wannan ba, gadonmu ne. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na kansa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda hukumar lokacin ta yarda. A kan haka aka kashe shi, almajiransa da ake kira Isawa suka warwatsu, waɗansu suka nufi Ningi. Babu mishan a wurinsu, babu majami'a, amma suka riƙe ɗan hasken da suke da shi shekaru da yawa suna neman ƙari. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka je wurin wani ɗan mishan, Likita Miller, a Zariya da ƙafarsu, ba a daɗe ba aka kafa musu zama a Gimi, nan ƙasarmu. Ka tuna, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Su ba su da shi a hannu suka nema haka. Kai yana cikin wayar da kake kiran annabawa da ita.

Ka kuma san abin da ya sami Gimi. Ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, mutane suka yi ta mutuwa, har zaman ya watse, waɗanda suka ragu da yawa suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Da a yau ne, da wani ya tashi ya ce ai ba su ji daidai ba, ko kuwa akwai maye a cikinsu. Amma daga zuriyar nan aka sami irin su Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Na faɗa maka wannan ne don kada ka auna muryar Allah da sauƙin hanya. Masu sayar da annabci kullum buɗi suke alkawari, Ubangiji kuwa yakan kira mutum ya bi ta inda akwai kuka.

To, yaya za ka ji? Ba ni da wani asiri da zan ba ka. Ka tashi da asuba kafin gida ya motsa, ka bar wayar a kashe in kana da Littafin na takarda. Ka ɗauki littafi guda ka bi shi daga farko har ƙarshe, ka daina tsintar aya ɗaya nan ɗaya can kamar mai duba. In ka karanta, ka faɗa wa Ubangiji abin da yake ranka da Hausar da kake yi wa mahaifinka magana, ba sai ka ari muryar mai wa'azi ba. Sa'an nan ka yi shiru. Nan ne yawancinmu muke kasawa: mukan zuba roƙo, mu ce amin, mu miƙe. A Dutsen Horeb iska ta wuce Iliya, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, sai a ƙarshe magana ta zo masa a hankali. Wanda ya saba da hayaniyar lasifika zai ɗauki lokaci kafin kunnensa ya saba da wannan. Yawanci ba ƙara za ka ji ba. Aya ce za ta tsaya maka a zuciya ta ƙi tafiya, ko ka tuna wanda ka ɓata wa rai, ko wata natsuwa ta sauko a kan hanya ɗaya ta ƙi sauka a kan ɗayar.

Sai dai ka sani, zuciyarka ma tana da murya, ta kuma iya kwaikwayo. Saurayin da so ya kama, duk abin da ya ji sai ya ce Ruhu Mai Tsarki ne. Don haka abin da ka ji, ka gwada shi da Littafin, yadda mutanen Biriya suka gwada wa'azin Bulus kansa a Ayyukan Manzanni sura ta 17, aka kuma yabe su a kan haka. Ubangiji ba ya rushe abin da ya riga ya faɗa. Muryar da take cika ka da tsoro, tana cewa yau yau ko ka hallaka, ban yarda da ita ba. Wadda take sa wa amsa farashi, ita ma haka. Wadda kuwa take nuna maka kakarka ko kishiyar uwarka a matsayin mai cin kurwarka, ka guje ta da gudu. Na ga gidajen da irin wannan magana ta raba, tsofaffi suka mutu 'ya'yansu ba sa gaishe su, abin kuwa da sunan Yesu aka yi shi. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Bayan ka yi naka, sai ka zo wurin dattawa da fastonka da iyayenka, ka ce ga abin da nake gani, ku duba mini. Wannan shawara ce, kuma tana da albarka. In sun ga rami a gabanka, ka saurare su da tawali'u.

Wani lokaci kuma za ka yi addu'a, ka yi azumi, ka ji shiru. Kada ka ɗauka an yashe ka. Wanda ya ba ka Ruhunsa shi ya ba ka hankali. Ka san halin yarinyar, ka san gidansu, ka san ko tana tsoron Allah. Ku je asibiti a gwada jininku saboda sikila, wannan ba rashin bangaskiya ba ne. In duk sun daidaita, ka yanke shawara a gaban Allah ka ɗauki nauyinta kamar namiji.

Gobe da asuba ka fara da Bisharar Markus. Surori 16 ne kawai, ka ɗauki ɗaya kowace rana, kada ka kira kowa sai ka gama. Ina yi maka addu'a, ɗana, Ubangiji ya buɗe maka kunne.