Darasi: Yadda Ake Kallon Tseren Keke Daga Bakin Hanya

Darasinmu na yau a kan wani wasa ne da ba a sayen tikiti kafin a kalle shi, domin filinsa titi ne. Wasan shi ne tseren keke na ƙasar Faransa, wato Tour de France.

An fara wannan tsere a shekarar 1903. Yawanci a watan Yuli ake yin sa. Mahaya kan yi tafiyar kusan kilomita 3,500, wadda aka raba zango 21, kowace rana zango ɗaya, da hutun kwana biyu a tsakani. Kowace ƙungiya tana da mutum takwas. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ne zakara.

Mai son kallo sai ya yi sammako, saboda 'yan sanda suna rufe hanya tun kafin mahaya su iso. Mutane kan zo da kujeru da abinci da ruwa su yi ta jira. Ayarin motocin talla ne ke fara wucewa, suna jefa wa jama'a huluna da ƙananan kyaututtuka. Idan aka ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu, to 'yan tsere sun kusa.

Ga ɗan lissafi. Idan suna gudun kilomita 45 a awa, suna cin mita 12.5 ke nan a daƙiƙa ɗaya. A ce tsawon jerinsu mita 250 ne, cikin daƙiƙa 20 sun wuce! Shi ya sa masu wayo suke tsayawa a wurin hawan dutse, kamar Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21. A can gudu yana raguwa, mahaya suna rarrabuwa, har ana ganin gumi a fuskokinsu.

Me ya sa suke tafiya a dunƙule? Saboda iska. Na gaba shi ke tare iska, na bayansa kuma ya samu sauƙi. Don haka 'yan ƙungiya suke kare shugabansu, ya adana ƙarfinsa sai kusa da ƙarshe.

Ta riga ake gane manya. Mai ruwan ɗorawa shi ke kan gaba a jimillar lokaci. Mai koriya ya fi kowa maki, yawanci gwanin gudun ƙarshe ne. Fara mai jajayen ɗigo ta gwanin hawan dutse ce, fara zalla kuma ta gwarzon matasa. A 2024 Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya ya ci zango uku kuma ya tafi da koriyar riga. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a wannan tsere.

Sai dai kallon yana da ƙa'ida. A mafi yawan hanyar babu shinge tsakanin ɗan kallo da mahayi. A zangon farko na 2021, wata mata ta miƙo kwali cikin titi tana kallon kyamara, ba ta ga zuwansu ba. Mahayi ɗaya ya buge shi ya faɗi, da yawa suka faɗi a kansa, wasu suka ji rauni. Kotu ta ci ta tarar Yuro 1,200. Wahalar da mutum ya sha shekara guda yana atisaye tana iya tashi a banza saboda sakacin daƙiƙa ɗaya.

Saboda haka a tsaya a gefen titi, a riƙe hannun yara, kada a bi mahayi da gudu, kada a tura shi, kada kuma a juya wa hanya baya don ɗaukar hoto. Wannan ƙa'ida za ta yi mana amfani ranar wasannin makaranta, lokacin da masu dogon gudu suke wucewa.

Tambayar mako: idan mahayi yana gudun kilomita 40 a awa, awa nawa zai yi kafin ya gama zangon kilomita 180? A kai amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.