Ƙuri'ar Facebook da Babur Mai Lantarki

Wani saƙo ya zo mana daga wani ɗan kabu-kabu a Tsamiya, ƙaramar hukumar Bagudo. Ya ce ya ga an jefa tambaya a Facebook, ko jama'a na son babur mai lantarki irin wanda ake haya da shi a Kwatano, kuma mafi yawa suka ce suna so. Shin ya sayar da nasa ya koma wannan?

To ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a, amma kada ka yi gaggawa. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa na neman mafita, kuma a Kwatano akwai baburan kamfanin Spiro. Sai dai ka lura da yadda abin yake a can: batir ya yi ƙasa, direba ya tsaya a tasharsu, a cire masa, a sa mai caji, ya wuce. Tashar ce ke riƙe da sana'ar. Kai da ke ɗauko buhun shinkafa ko albasa daga ƙauye, ka bi yashi da laka har bakin iyakar Segbana, in batir ya mutu a daji, wa zai kawo maka wani?

Sannan su wa suka amsa tambayar? Mai babbar waya ne, mai data, mai sabis, galibi matashin birni. Tsohuwar da kake kaiwa kasuwar Lolo ba ta danna komai ba. Haka mai kwalekwale a Kogin Kwara, haka bakaniken da zai kwance injin in ya lalace. Kuma danna "ina so" kyauta ne. Ba wanda ya ciro ko sisi daga aljihunsa.

Ban ce a watsar da kafafen sada zumunta ba. Saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan ƙungiyarku ya fi waccan ƙuri'a amfani nesa ba kusa ba, domin can ne mutum zai faɗi nawa ya sha mai, nawa ya kai gida. Ka tambayi 'yan'uwanku na tsallaken iyaka da suka hau shi: ina suke caji, ina kayan gyara?

'Yan kabu-kabun Illo, Kaoje da Bagudo, ku turo mana saƙon murya, mako mai zuwa za mu sa jama'a su ji daga bakinku.