Kafin Ka Ɗauki Hoton Kaza Mai 'Ya'ya

Jikana, babanka ya ce kana son ɗaukar hoton taurarin Kaza Mai 'Ya'ya da sabuwar wayarka. Madalla. To ka ji ta bakin tsoho tukuna.

Kada ka yi sanya. Ruwa ya ɗauke, sama ta wanke tas, kuma a watan Nuwamba Kaza kan fito daga gabas da magariba, ta kai kusan saman kai da tsakar dare. Nan da 'yan makonni ƙurar hunturu za ta sauko, masu ƙona daji su ƙara da hayaƙi, shi ke nan ta dushe. A cikin Parakou kuwa fitilu sun cinye taurari. Ka biyo hanyar Djougou ka zo nan Tourou, a daren da babu farin wata.

In ka iso, wayar ta zauna a aljihu. Ido na bukatar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu, leƙen fuskar waya sau ɗaya kuma ya mayar da kai farko. Zauna ka ƙirga 'yan tsakin. Yawancin mutane shida suke gani, mai kaifin ido ya ga bakwai. In ka ɗan kawar da ido gefe, sai ka ga sun ƙara haske. Malamanmu Surayya suke ce mata. Galileo, mutumin Italiya, ya zana taurari 36 a cikinta a 1610. Yau masana sun ce sun haura 1,000, wuri guda aka haife su, tare kuma suke tafiya. Hasken da zai faɗo idonka ya yi wajen shekara 440 a hanya. Abin da ya sha wannan tafiya ai bai kamata a tarbe shi da gaggawa ba.

Sai ka ƙoshi da kallo sannan hoto. Hannu rawa yake yi, don haka kifa turmi ka jingina wayar da dutse a kai, ka kashe filasha, ka sa ta kan tsarin ɗaukar dare, ka bari ta ƙirga daƙiƙu ta ɗauka da kanta. Ɗigo-ɗigo za ka samu, kada ranka ya ɓaci. Shuɗin hazon nan da kake gani a intanet aikin manyan kyamarori ne da haƙurin awoyi.

Ka sa takalmi sau-ciki saboda macizai, ka gaida mutanen unguwa kafin ka shiga bayan gonar kowa da dare. Ka taho da ƙannenka su ma su gani. Allah ya yi maka albarka.